Yadda Ake Auna Makarantar Sakandare Kafin a Miƙa Mata Yaro

Da zarar hukumar WAEC ta saki sakamako a watan Agusta, sai ƙyallayen talla su bayyana a ƙofofin makarantu, daga Kano zuwa Kaduna, daga Gusau zuwa Bauchi. Hotunan yara ne cikin rigar bikin yaye ɗalibai, an jera A1 da B2 a ƙarƙashin kowane hoto, daga sama kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kowa ya ci. A daidai lokacin ne iyaye ke fafutukar neman inda za su kai waɗanda suka gama firamare ko ƙaramar sakandare, tunda a watan Satumba ake komawa. Da yawa da wannan ƙyallen suke yanke shawara, ko da maganar maƙwabci, ko da sabon fenti da motar ɗaukar ɗalibai. Alhali uba ko uwa, ko ɗan kwamitin iyaye da malamai, zai iya auna makaranta da kansa ko bai taɓa riƙe alli ba. Aikin 'yan kwanaki ne, kayan aikinsa kuwa ido da kunne da ɗan lissafi.

Tambayar da za ka riƙe tun daga ƙofa har ka fito ita ce: me makarantar nan ta ƙara wa yaron da ta karɓa? Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda gwamnatin Kano ta buɗe a 1977, da jarrabawa suke tace ɗalibansu, haka ma kwalejojin gwamnatin tarayya. Wanda ya zaɓi zakaru tun a bakin ƙofa, ba mamaki sakamakonsa ya yi kyau. Wani kaso na yabon na malaman da suka fara koyar da yaran ne. Makarantar je-ka-ka-dawo ta ƙauye kuwa, wadda ke karɓar duk wanda aka kawo mata, har da wanda ya shigo aji ɗaya bai iya haɗa baƙi ba, idan ta fitar da rabin yaranta da kiredit biyar na gumin kansu, ta yi aikin da ya fi na wata mai suna a birni. Saboda haka a gwada makaranta da tsararta: mai tacewa da mai tacewa, ta kuɗi da ta kuɗi mai irin farashinta.

Mu fara da sakamakon, tunda shi ake ɗaga wa mutane. A WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 ne kiredit. D7 da E8 ci ne a takarda kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi shi ne ma'aunin da hukumomin ke ba da alƙaluma a kansa, shi ne kuma aka daɗe ana nema wajen shiga jami'a. To idan shugaban makaranta ya ce maka yaransa duk sun ci, ka tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nawa ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi?" Sau da yawa a nan murya ke sauka. Ka roƙi a nuna maka takardar da hukumar jarrabawa ta ba makarantar, mai ɗauke da dukan waɗanda suka zauna, ba wadda aka buga a kwamfutar ofis ba, kuma ta shekara uku a jere, domin aji mai hazaƙa kan faɗo wa makaranta shekara guda ya wuce. Ana iya rufe sunayen yara da takarda. Lambobi kake so. In makarantar Arabiyya ce sakamakon NBAIS za ka nema, ta fasaha NABTEB, ƙaramar sakandare kuma BECE ta ƙarshen JSS3.

Sai lissafin da ba a son ka yi. Ka tambayi yawan waɗanda suka shiga SS1 a ajin da ya fita bana. A ce 120 suka shiga, 60 suka zauna jarrabawa, 54 suka sami kiredit biyar. A ƙyalle za a rubuta kashi 90 cikin ɗari, kuma ba a yi ƙarya ba. Amma kai da ke shirin kawo yaro SS1, lissafinka 54 cikin 120 ne, wato kashi 45. Ina sauran? Wasu an aurar, wasu iyaye sun kasa biya, wasu sun ƙaura. Amma akwai makarantun da ke sallamar masu rauni a ƙarshen SS2, ko su ce su je su yi rajista a wani wuri, don kada su ɓata musu alƙaluma. A makarantun gwamnatin Kano akwai jarrabawar kwalifayin da ake yi a SS2, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Can ma ka tambayi nawa suka ci cikin nawa, domin wanda ya faɗi, kuma gidansu ba hali, ba za ka gan shi a takardar sakamako ba sam.

Akasin haka ya fi muni. Makarantar da SS2 ɗinta yara 35 ne amma ta zaunar da 200 a jarrabawa, sakamako take sayarwa. Baƙin fuskoki ne ke zuwa daga garuruwa su biya kuɗi mai kauri, a rubuta musu amsa a allo ko a turo ta waya, a toshe bakin mai sa ido. Alamominta ba sa ɓuya: kuɗin rajista ya ninka abin da hukumar ta sanar, akwai wani "kuɗin taimako" da ba a ba da rasiti, kowa kuma B3 a Lissafi, mai ƙoƙari da maras ƙoƙari. Ka duba nawa ne hukumar ta riƙe sakamakonsu. WAEC kan janye amincewarta daga makarantun da ta kama, kuma ranar da hakan ta faru, yaronka da ya yi karatunsa tsakani da Allah tare da su zai sha wahala. Ko ba a kama su ba, ɓarnar ta riga ta auku: ɗan SS1 da ya san za a ba shi amsa a SS3 ya daina karatu, malaminsa ma ya daina wahalar da kansa.

Don ka san inda makaranta ta tsaya, ka riƙe alƙaluman ƙasa. WAEC ta sanar cewa a 2023 kashi 79.81 cikin ɗari na ɗaliban Najeriya da suka zauna jarrabawarta sun sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a 2024 kuma kashi 72.12. A shekarar ta 2024, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rubuta JAMB ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Tazarar ta isa ta sa mutum tunani. Ita JAMB a kwamfuta ake yin ta, a cibiyar da ba ta malaman yaro ba, shi ya sa take da amfani a matsayin shaida ta biyu. Ka tambayi makin ɗaliban bara, na tsaka-tsaki ba na gwarzon aji ba. Yaro mai A1 a Turanci da Lissafi da Fiziks wanda ya tashi da 140 a JAMB, da wuya takardun nan biyu su zama gaskiya a tare.

Takarda ta ƙare, sai ƙafa. Kada ka je ranar raba kyaututtuka ko ranar da aka gayyaci iyaye. Ka je Talata ko Laraba a tsakiyar zango, ba tare da ka sanar ba, ka isa kafin a buga ƙararrawar safe, ka tsaya daga waje tukuna. Ƙarfe nawa malamai ke shigowa? In ka ga ayarin ɗalibai na tafe ƙarfe tara saura, babu mai sauri a cikinsu, sun san ba abin da ya wuce su. Sannan ka yi sallama a ofis, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izinin zagayawa. Shugaban da ya san aikinsa zai haɗa ka da wani malami ya ce ku je duk inda kake so. Wanda kuwa ya zaunar da kai a ofis mai sanyi, ya kawo lemo, ya buɗe maka kundin hotuna, ya ce ba a son damun azuzuwa, ka sha lemon ka yi godiya, ka riƙe abin a ranka.

In kuna zagayawa, ka ƙirga abu guda a zuci: azuzuwa nawa ke da malami a ciki yana koyarwa, cikin azuzuwa nawa. Ka sake ƙirgawa bayan an dawo daga tara, domin a makarantu da yawa daga nan karatu ke mutuwa, malamai na ƙarƙashin bishiya ko sun fita neman na cefane, monita na rubuta sunayen masu surutu. Ka leƙo ranar Juma'a, ka leƙo ranar kasuwar garin. A karkara ka tambayi yadda aji ke zama lokacin shuka da girbi. A ganina babu ma'aunin da ya kai wannan ƙirgen sauƙin yi da faɗin gaskiya.

Ka ƙirga kawuna kuma. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, amma a makarantun gwamnati na manyan birane za ka tarar da ninkin haka, wasu a benci, wasu a taga, wasu a ƙasa. Ba laifin malami ba ne, sai dai lissafin ba ya ɗaga wa kowa ƙafa: malamin Turancin da ke da aji biyar masu yara tamanin-tamanin, insha'i 400 ke jiransa duk ranar da ya ba da aiki. In ya ba kowanne minti uku, awa ashirin ke nan. Ko dai ya ƙi ba da aikin, ko ya bayar ya ƙi dubawa.

Littattafan rubutun yara ne inda nake so ka fi daɗewa. Mai sayen hatsi ba ya yarda da na saman buhu, sai ya cusa hannu ƙasa. Kai ma kada ka karɓi littafin da malami ya zaɓo maka. Ka nemi izini ka ɗauka da kanka, ɗaya daga bencin gaba, ɗaya daga tsakiya, biyu daga can baya jikin bango. Na Lissafi da na Turanci za ka fara buɗewa, ka bi kwanan wata tun daga farkon zango. Lissafi kusan kullum yana cikin jadawali. In ka ga daga 3 ga wata sai 19 ga wata, ko yaron ba ya zuwa ko malamin ba ya zuwa, littafin maƙwabcinsa zai raba gardama. Sai ka nemi jan biro. Akwai shafin da malami ya ja doguwar alama daga sama har ƙasa ya sa hannu, bai karanta ko layi ɗaya ba. Za ka gane shi domin kurakurai na nan zaune ƙarƙashin alamar, har lissafin da amsarsa ba daidai ba an ba shi maki. Akwai kuma shafin da aka zagaye kalmar da aka yi kuskure, aka nuna matakin da lissafi ya karkace, aka rubuta wa yaron ya gyara ko ya zo ofis, a shafi na gaba ga gyaran nasa, an sake dubawa an sa kwanan wata. In ka sami irin wannan shafin a littafin yaron bencin baya, ka sami makaranta.

Ka lura da abin da ke cikin littafin ma. In duk shafukan kwafe ne daga allo, kalma da kalma iri ɗaya a littattafai huɗun, babu wasiƙa ko insha'in da yaro ya tsara da kansa, to takarda kawai ake cikawa. A hankali, ba tare da kunyata kowa ba, ka roƙi wani yaro ya karanta maka sakin layi ɗaya daga abin da ya kwafa, sannan ya gaya maka da Hausa abin da ake nufi. Za ka iya tarar da ɗan SS2 mai kyan rubutu, ya karanta sumul babu tuntuɓe, amma da an ce ya yi bayani sai ya sunkuyar da kai. Wannan gwajin ba sai ka iya Kemistiri ba. In ba ka jin Turanci, ka tafi da ƙane ko ɗa da ke jami'a.

In an ba ka dama, ka zauna a bayan aji darasi ɗaya cikakke. Minti goman farko malami da yara duk sun san da baƙo. Daga nan kowa zai koma halinsa. Wa ke magana? Malami ne kaɗai, yara kuma aikinsu su amsa "mun gane" baki ɗaya? Yara ukun gaba masu ɗaga hannu yake tambaya, ko yana kiran na baya da suna? In makarantar haɗe ce, ana jin muryar 'yan mata? In yaro ya ba da amsa ba daidai ba, dariya da ranƙwashi ne ke biyo baya, ko ana bi da shi har ya gano? Ni ban ɗauki malamin da ya juya Hausa don ya warware abu mai wuya a matsayin mai laifi ba, muddin ya dawo da yaran ga Turancin da za su rubuta jarrabawa da shi. Wadda nake tsoro ita ce makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a harabarta, amma ta kasa sa shi ya rubuta wasiƙa mai ma'ana da kowane harshe.

Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma doka ta ce malami ya yi rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993. Amma jerin digirorin da ke manne a bangon ofis bai kai jadawalin darasi faɗin gaskiya ba. Ka ɗauki jadawalin ka bi sunaye: wa ke koyar da Fiziks, me ya karanta? Ba baƙon abu ba ne ka ga mutum ɗaya riƙe da Fiziks da Kemistiri da Lissafi daga SS1 har SS3, ko wanda ya karanta Tarihi yana koyar da Bayoloji. Ka tambayi nawa daga malaman manyan darussa ne masu yi wa ƙasa hidima. Cikinsu akwai haziƙai, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, a koma farko. A makarantar kuɗi ka sami wani malami shi kaɗai, ba a gaban mai makaranta ba: "Malam, shekararka nawa a nan? Ana biyan albashi a kan kari? Lokacin hutu fa?" Inda wanda ya fi daɗewa bai cika shekara biyu ba, akwai dalili, kuma yaronka zai canja malamin Lissafi sau da yawa kafin ya gama.

Sufetocin ilimi, waɗanda yanzu ake kira jami'an tabbatar da inganci, in sun zo akwai littattafan da suke fara nema: rajistar kiran suna, littafin sa hannun malamai, da wanda malami ke rubuta abin da ya koyar kowane mako, da na makin gwaje-gwaje. Kai ma kana iya roƙon gani, dabarar kuwa ita ce gwama su. In littafin mako ya ce an koyar da wani babi a mako na huɗu, ka nemi babin a littafin yaro. In rajista ta ce 52 sun zo yau, ka ƙirga. Rajistar da aka cike wata guda babu wanda ya yi fashi ko sau ɗaya, a zama ɗaya aka cike ta. A makarantar kuɗi ka ga takardar amincewar gwamnatin jiha da idonka, ka kuma tabbatar tana da lambar cibiyar WAEC da NECO ta kanta. In babu, wata makarantar za a kai yaronka ya zauna, da sunan waccan kuma takardarsa za ta fito.

Gine-gine ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai ka taɓa da hannunka. A ɗakin gwaje-gwaje ka shafa yatsa a teburi, ka murɗa famfo, ka ɗaga kwalaben sinadarai ka ji ko akwai abu a ciki, ka tambayi ɗan SS2 yaushe rabonsa da yin gwaji da hannunsa. Jarrabawar Kemistiri da Fiziks da Bayoloji tana da ɓangaren aiki da hannu, kuma a nan yaran da ba su ga kayan ba sai ana saura mako biyu suke zubar da maki. A laburare ka buɗe littafin aro ka ga kwanan watan ƙarshe. A ɗakin kwamfuta ka ce a kunna, ka ga guda nawa za su tashi.

Wurin da ba a kai baƙo shi ne banɗaki, don haka ka ce a kai ka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya kuma haɗe da wurin fitsari ga maza 50. Kaɗan ne ke cika wannan, amma aƙalla a ce akwai ƙofa mai sakata, akwai ruwa, na mata kuma dabam. Wannan zagayen uwa ta fi uba iya shi, ita ce za ta ja wata ɗaliba gefe ta tambaye ta yadda suke yi in al'ada ta zo musu a makaranta, da ko akwai malamar da suke kai wa kuka. Yarinyar da ke fashin kwana uku ko huɗu kowane wata saboda rashin ruwa da wurin kimtsawa, a shekara ta yi asarar makonni, kuma ba za a rubuta dalilin a rajista ba.

Makarantar kwana tana da ƙarin bincike. Ka je lokacin cin abinci ka ga gabzar da idonka, ka ɗanɗana miyar in an bari. Ka shiga ɗakin kwana ka ƙirga gadaje da tagogi, ka tuna cewa sanƙarau a lokacin zafi cunkoso yake so. Akwai ma'aikacin jinya da dare? Akwai motar da za ta kai yaro asibiti in ciwo ya tashi kafin asuba? Sai batun siniyoyi. Ka tambayi ɗan aji ɗaya, ba a gaban firifet ba, wa yake ɗebo wa ruwa, wa yake yi wa wanki, ina kayan shayin da aka kawo masa. Inda aka sakar wa manyan ɗalibai horon ƙanana da dare, malamai sun tafi gidajensu, a nan ake yin abubuwan da yaro ba zai faɗa ba sai ya girma.

Tsaro kuwa, bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, babu uban da ke buƙatar a tuna masa. Katangar baya za ka zagaya ka duba. Ka tambayi nisan makarantar da jami'an tsaro mafi kusa, ko waya na samun sabis a wurin, masu gadi nawa ne da dare, ko an taɓa nuna wa yara inda za su nufa in an ji harbi ko gobara ta tashi. Ka ɗaga kai ka dubi ginin kansa, musamman gidan haya da aka mayar makaranta aka ɗora masa bene. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu.

Tsohon suna ma kan ruɗi iyaye. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari. Tarihi ne na gaske, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai ƙarfi dukiya ce ga kowace makaranta. Amma malaman da suka koyar da waɗancan ba su ne za su koyar da ɗanka ba. Makarantar da mahaifinka ya yi da wadda aka buɗe bara, awo ɗaya za ka yi musu. Makaranta kan tashi ko ta faɗi cikin 'yan shekaru da canjin shugaba guda, shi ya sa ya kamata ka san tun yaushe na yanzu ke kan kujera, kuma ko yana shiga aji ya ga aikin malamansa, ko kullum an ce ya tafi ma'aikata.

Da ka fito, kada ka wuce kai tsaye. Mai shagon bakin ƙofa ya san ƙarfe nawa yara ke tsallake katanga. Mai adaidaita sahun da ke jigilarsu ya san ranakun da ake tashi tun hantsi. Ka nemi wanda ya gama makarantar shekara biyu da suka wuce, wanda ba ya tsoron kowa yanzu, ka tambaye shi yadda aka yi jarrabawarsu, wa ya shigo zauren, me aka rubuta a allo. Mafi amfani duka shi ne uban da ya cire ɗansa. Ka ji dalilinsa, ka rage abin da ɓacin rai ya ƙara, sauran ka riƙe. A wurinsa ne kuma za ka ji ainihin kuɗin shekara, da yunifom da littattafan dole da kuɗin biki da lesin ɗin yamma, wanda a wasu wurare darasin safe ne aka ajiye wa wanda ya biya.

Ba za ka sami makarantar da ta cika komai ba. Ni dai ina iya haƙuri da tsohon gini da rashin mota da ƙarancin littattafai, har da aji mai ɗan yawa, in malamai na shiga kuma ana duba aiki. Satar amsar da makaranta ta shirya da kanta, azuzuwan da ba malami, da wurin da ran yaro ko mutuncinsa ke cikin haɗari, ɗaya daga cikinsu ya isa a juya.

Bayan an kai yaro ma da sauran aiki. A ƙarshen zangon farko ka ajiye katin sakamako gefe, domin zuwa na uku a aji ba ya gaya maka komai in ba ka san ajin ba, ka ɗauko littattafansa ka yi musu irin binciken da ka yi wa na 'ya'yan wasu. In zango biyu sun wuce ba ka ga motsi ba, ka je ka zauna da malamin aji da shugaba. In na uku ya wuce haka, ka fara neman wani wuri. Lokacin da ya fi dacewa da canji shi ne bayan JSS3, ko ƙarshen SS1 in ya zama dole. Makin gwaje-gwajen da yaro ya tara tun daga SS1 na cikin abin da makaranta ke tura wa WAEC, saboda haka ɗauke shi a SS3 na iya jawo matsala wajen rajista. In za ka cire shi, ka karɓi takardar canjin makaranta da kwafin makinsa na kowane zango, da sa hannun shugaba da hatimi, kafin ka biya ko sisi a sabon wurin.